Yadda Ake Neman Diyya Bayan Haɗarin Babur a Abuja

Tun watan Oktoban 2006, lokacin da Malam Nasir El-Rufa'i yake ministan Abuja, aka hana acaɓa a ƙwaryar birni. Amma duk mazaunin Dei-Dei, Gwagwa, Karmo, Mpape, Zuba, Nyanya ko Lugbe ya san har gobe babur ne ke kai yaro makaranta, ya kai mai ciki awo, ya fito da lebura bakin titi inda zai samu motar shiga gari. Ga kuma masu kai saƙo da ke yini suna zirga-zirga da akwati a bayan mashin tsakanin Wuse da Gwarimpa. In babur ya yi karo da mota ko tifa, jikin mutum ne ke karɓar bugun, kuma yawanci wanda abin ya faɗa wa shi ne mai ciyar da gida.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda mutanenmu ke rasa haƙƙinsu tun a kwana biyun farko, tun ba a je ko ƙofar kotu ba. Ba a ɗauki lambar mota ba, ba a sanar da 'yan sanda ba, an kwashi majinyaci zuwa gidan ɗori ba takarda ko ɗaya, sannan manya sun zauna an ce ƙaddara ce, an yafe. Wata shida su wuce, ƙafa ta ƙi takuwa, jari ya tafi a magani, mai motar kuma ya daina ɗaga waya. Yafiya haƙƙinka ce, kuma akwai lada a cikinta. Sai dai ya kamata ka san girman abin da kake yafewa, ka kuma san wa kake yafe wa, domin sau da yawa kuɗin daga kamfanin inshora zai fito, direban ba zai taɓa aljihunsa ba. Ga yadda ake bin lamarin.

Mataki na ɗaya: a ceci rai, kar a ƙara ɓarna

A kira 122, layin kyauta na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ko 112, layin gaggawa na ƙasa baki ɗaya. Mutum ɗaya ya matsa gaba yana tsayar da motoci, musamman a babban titin Kubwa ko titin filin jirgi inda ake gudu ba sassauci.

Saurin cicciɓar wanda ya faɗi a cusa shi a keke napep yana daga cikin abin da ke nakasa mutane. In yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, ko ya suma, to a ɗauka lakarsa ta taɓu. Kar a naɗe shi, kar a zaunar da shi, kar a cire masa hular kwano sai in numfashinsa ya toshe. In dole sai an ɗaga shi, mutum uku ko huɗu su ɗaga tare a kan katako ko benci, ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, kar a riƙa ɗagawa ana leƙawa. In ƙashi ya fasa fata ya fito, a rufe shi kawai, kar a tura shi ciki. Kar a ba shi ruwa, madara ko lemo, domin mai yiwuwa tiyata za a shiga da shi. Ƙunar salansa kuma ruwa mai sanyi take so na kamar minti 20, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai ko baƙin mai.

Wanda ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce "ba komai, Allah Ya kiyaye" shi ma a kai shi asibiti. Jini kan taru a cikin kai sannu a hankali, mutum yana magana garau, bayan 'yan awoyi ya faɗi. Amai, ciwon kai mai tsanani, barcin da ba a iya tashinsa, sambatu, jijjiga, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, duk alamu ne na a koma asibiti ko da tsakar dare ne. Haka nan ciwon ciki ta ɓarin hagu tare da jiri da gumi mai sanyi, don saifa kan fashe ba tare da wani rauni ya nuna a waje ba.

Kar a daki direba, kar a ƙona mota. Mutanen Dei-Dei ba su manta da watan Mayun 2022 ba, lokacin da haɗarin babur da ya yi ajalin wata mata ya rikiɗe ya zama rikici tsakanin 'yan acaɓa da 'yan kasuwa, aka rasa rayuka, aka ƙone wani ɓangare na kasuwar katako, hukuma ta rufe kasuwa. Ban da zunubin abin, motar da aka ƙona ita ce babbar shaidarka, 'yan uwanka da suka zo taimako kuma su ne za su kwana a caji ofis.

Mataki na biyu: wanda ke tsaye ya ɗauki shaida

Wanda ya ji rauni ba zai iya wannan ba, aikin aboki ne ko ɗan uwa ko duk wani mai imani da ke wurin. Lambar mota ita ce ta farko. A ɗauke ta hoto gaba da baya, in mota ce ta kamfani a ɗauki sunan da ke jikinta. Sai hoton inda motar da babur suka tsaya kafin a janye su, daga nesa yadda titi da kwana da fitilar ba da hannu za su fito, sannan daga kusa: sawun burki, fasassun gilasai, inda motar ta lotse. A ɗauki lasin direba da takardar inshora in ya yarda ya nuna.

A nemi mutum biyu ko uku da suka gani da idonsu, a karɓi suna da lambar waya. An fi son wanda wurin ne wurin sana'arsa, kamar mai shayi, mai faci ko mai POS, don shi za a dawo a tarar. In akwai gidan mai, banki ko babban kanti mai kyamarar tsaro a kusa, a je da wuri a roƙi su adana hoton ranar, saboda irin waɗannan na'urori kan goge tsohon ɗauka da kansu. Wayar da aka ɗauki hotunan da ita kuma kar a sayar, kar a goge ta. Dokar shaida ta 2011, sashe na 84, tana buƙatar bayani a kan na'urar da ta samar da hoton kafin kotu ta karɓa.

Mataki na uku: asibiti, da maganar gidan ɗori

Mai rauni mai tsanani, musamman na kai, ƙirji ko baya, gara a nufi babban asibiti da shi kai tsaye, kamar Asibitin Ƙasa da ke da cibiyar kula da waɗanda suka yi haɗari, ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. In waɗannan sun yi nisa, akwai manyan asibitocin gwamnati a Kubwa, Nyanya, Asokoro, Maitama da Wuse. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa a kan kowane dalili, wanda ya ƙi kuma yana fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Saboda haka "sai kun kawo rahoton 'yan sanda" ba hujja ba ce. Dokar dai ba ta ce magani kyauta ne ba, za a biya.

A faɗa wa likita gaskiya. Wasu don tsoron rigima sai su ce faɗuwa ya yi. Abin da aka rubuta a fayil a ranar farko shi ne lauyan ɗaya ɓangaren zai karanto maka a kotu. A ce mota ce ta buge shi, a faɗi wuri da lokaci.

Daga nan rasit ya zama dukiya. Na kati, na hoton ƙashi, na jini, na tiyata, na ƙarfen da aka sa, na sanduna, na kantin magani, kowanne da sunan majinyaci da kwanan wata. A ɗauki kowanne hoto a ranar, don rubutun rasit na inji kan dushe cikin 'yan watanni. A sayi ɗan littafi a riƙa rubuta abin da ba shi da rasit, kamar kuɗin mota zuwa ganin likita da ranakun da mai jinya ya bar sana'arsa. A riƙa ɗaukar raunin hoto lokaci-lokaci. In an sallame ku, ku nemi rahoton likita a rubuce da hatimin asibiti. In an warke kuma akwai abin da bai koma daidai ba, ƙafa ta gajarce ko gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, a koma wurin likitan ƙashi ya rubuta girman nakasar da aikin da za a buƙata nan gaba. Wannan rahoto na biyu shi ke ɗaga diyya ko ya rage ta.

Na san darajar masu ɗori a wurinmu, da yadda tsadar asibiti da tsoron yanke ƙafa ke kora mutane can. Amma a yi hoton ƙashi tukuna. Karayar da ƙashi ya fito waje, ko ta shafi gaɓa, ko cinya, ko ƙugu, aikin asibiti ce. Ɗaurin da ya matse a kan kumburi yana tsayar da jini. In yatsu suka yi sanyi, suka mutu, suka soma baƙi, ko zafin ya wuce misali, a kwance a ruga asibiti, don ta nan ake rasa hannu ko ƙafa. Ta fuskar shari'a ma akwai asara. In ka sa hannu ka fita asibiti ba da yardar likita ba, ƙafa ta lalace, ɗaya ɓangaren zai ce karaya kawai ya jawo, sauran kai ka jawo wa kanka.

Mataki na huɗu: rahoto wurin 'yan sanda

A kai rahoto ofishin 'yan sandan da ke kula da yankin, sashen haɗurran mota da ake kira MTD, a ranar ko washegari. A lura da iyaka. Nyanya Abuja ce, amma da ka tsallaka Mararaba ka shiga jihar Nasarawa. Zuba Abuja ce, Madalla da Suleja kuma jihar Neja. Inda abin ya faru shi ke nuna 'yan sandan da za su bincika, da kotun da aka fi kai ƙara.

Za su je wurin su zana taswirar yadda abin ya auku, ɓangarorin biyu su sa hannu. Kar ka sa hannu a zanen da bai dace da abin da ka gani ba. In an rubuta bayaninka da Turanci, ka ce a karanta maka da Hausa kafin ka dangwala: "Yallaɓai, a taimaka a karanta mini, in ji abin da na faɗa." Haƙƙinka ne. Ka riƙe sunan ɗan sandan da ke binciken da lambar wayarsa. Ka nemi jami'an VIO, masu binciken lafiyar ababen hawa, su duba motar da babur ɗin kafin a sake su ko a gyara, don rahotonsu ne zai nuna ko burki ya lalace ko taya ta suɗe. A ƙarshe ka nemi kwafin rahoton 'yan sanda, kamfanin inshora sai ya tambaye shi.

Ɗan acaɓa da yawa kan gudu daga wannan mataki don tsoron a ƙwace mashin, tunda hukumar Abuja kan murƙushe baburan da ta kama a wuraren da aka hana. Tsoron yana da dalili. Amma laifin shiga inda aka hana daban, laifin direban da ya bi hannun da ba nasa ba ya take mutum daban. Fasinja kuwa ba shi da abin tsoro ko kaɗan. In kana cikin wannan hali, ka ga lauya kafin ka ba da bayani.

Shari'a biyu ce ke iya tasowa. 'Yan sanda na iya gurfanar da direba kan tuƙin ganganci, wannan tsakaninsa da hukuma ne, ko da yake sashe na 319 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ba alƙali ikon sa shi ya biya wanda ya cutar. Neman cikakkiyar diyya kuwa ƙara ce da kai za ka shigar. Ɗan sanda ba shi da hurumin yanke maka nawa za ka karɓa.

Mataki na biyar: gano wanda zai biya

Direba ne na farko. In yana kan aikin ubangidansa lokacin da abin ya faru, direban kamfani ne, ko na tifa, ko na gidan wani Alhaji da aka aika, to mai motar ma yana cikin alhaki, kuma shi ne mai abin biya. Bayansu sai kamfanin inshora.

Doka ta wajabta wa duk abin hawa a Najeriya inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, wadda ake kira tad fati. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Babur naira 3,000 ne, iyakarsa miliyan 1. Wannan iyaka ta dukiya ce, kamar mashin ɗinka da ya ragargaje. Rauni a jiki da rasa rai ba a ƙayyade su da wannan adadi ba, ana duba girman cutarwar ne. Direbobi da yawa sun ɗauka takardar ta nuna wa 'yan sanda ce a shingen bincike, ba su san an yi ta don irin wannan rana ba.

Akwai jabu da yawa, don haka a bincika. Danna *565*11# a waya ka sa lambar motar, ko ka shiga shafin askniid.org, zai nuna ko tana da inshora mai rai da sunan kamfanin. In ta gaske ce, mai motar ya sanar da kamfaninsa nan da nan, kai ma ka rubuta musu wasiƙa ka riƙe kwafin da suka buga wa hatimin karɓa. In jabu ce ko ta ƙare, alhakin ya koma kan direba da mai mota. In direban ya gudu ba a gane shi ba, dokar inshora ta yi tanadin asusu a ƙarƙashin NAICOM don waɗanda mota marar inshora ko direban da ya tsere ya jikkata. An sabunta dokar inshorar a watan Agustan 2025, don haka ka sa lauya ya duba maka ƙa'idar nema ta yanzu.

In kai fasinja ne kuma gangancin ɗan acaɓan ne ya kayar da ku, shi ne abin nema, da mai mashin ɗin in yaronsa ne, gwargwadon yarjejeniyar da ke tsakaninsu.

Mataki na shida: ranar da 'yan sulhu suka zo

Yawanci a kwana na biyu ko na uku suke zuwa. Mai mota, da wani dattijo daga unguwarsu, wani lokaci da shugaban tasha ko sarkin Hausawan yankin. Za a tsaya a bakin gado da ledar lemo da ayaba, a yi addu'a, a ajiye ambulan a ƙarƙashin matashi, sannan wani ya zaro takarda ya ce a sa hannu don a saki mota a wurin 'yan sanda. Majinyaci yana cikin zafi, kuɗin tiyata ake nema, kawunsa na jin nauyin manyan da suka tako. A nan ake sayar da haƙƙin shekaru a kan kuɗin mako guda.

Zuwan nasu abu ne mai kyau, a karɓe su da mutunci. Abin da za a faɗa ba ya buƙatar faɗa: "Alhaji, mun gode, Allah Ya saka da alheri. Wannan mun karɓa a matsayin gudunmawar magani. Rufe magana kuma a bari likita ya gama faɗin nasa, sai mu zauna." In kawu ya matsa, a ja shi gefe: "Kawu, ba mu ƙi sulhu ba. Ba mu san ko ƙafar nan za ta sake taka giyar mashin ba, kuma yaransa huɗu." Duk kuɗin da aka karɓa a rubuta cewa wani ɓangare ne, magana ba ta ƙare ba. Takardar da ta ce an biya duka, ba sauran ƙara, in ka sa mata hannu da wuya kotu ta warware ta. In don sakin mota ne, a bari VIO su duba, a kwafi takardunta, sannan a sake ta. Wannan bai shafi diyya ba.

Mai ganin neman diyya kamar ƙin yarda da ƙaddara ne, ya tuna aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, sai in iyalan mamaci sun yafe. Littattafan fiƙihu kuma sun yi bayanin diyyar hannu, ido, haƙori da sauran gaɓoɓi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin inshora ba ya tambayi malamin da ya amince da shi kafin ya yanke hukunci.

Mataki na bakwai: lissafin abin da za a nema

Kotu ta raba diyya gida biyu. Akwai asarar da ake ƙirgawa: kuɗin asibiti, gyaran babur ko kuɗinsa, da abin da ka rasa na sana'a. Wannan sai an jera ta dalla-dalla an kawo hujjar kowace. A ce kai ɗan acaɓa ne da ke tashi da naira 8,000 a rana bayan kuɗin mai da balas ɗin mai mashin, kana aiki kwana 26 a wata, ka kwanta wata biyar. Ka rasa naira 1,040,000 ke nan. Amma faɗa da baki ba ta isa ba. A kawo littafin adashi, bayanan shigar kuɗi na banki, katin ƙungiya, ko mai mashin ɗin ya zo ya shaida abin da kake kawo masa.

Gida na biyu shi ne abin da ba shi da rasit: azabar da ka sha, tabo, nakasa, rasa ƙarfin yin sana'arka nan gaba. Alƙali ne ke ƙiyasta wannan, yana duban shekarunka, aikinka da rahoton likita.

Ka sa a ranka za a tono naka laifin. Tun 1 ga Janairun 2009 ake tilasta sa hular kwano ga direba da fasinja. In ba ka sa ba kuma a kai ka ji rauni, ko kun hau ku uku, ko ba fitila da dare, kotu na iya rage diyyar gwargwadon naka sakacin. Ragewa ake yi, ba a hana ka duka. Ka faɗa wa lauyanka waɗannan tun farko, kar ya fara jin su a bakin abokin shari'a.

Mataki na takwas: lauya, da wa'adin da ba ya jira

A Abuja, ƙarar neman diyyar rauni a jiki shekara uku gare ta daga ranar haɗari. Amma in motar hukuma ce, direban kuma ma'aikacin gwamnati ne a bakin aiki, dokar kare jami'an gwamnati ta ba ka wata uku kacal. A garin da motocin ma'aikatu suka cika titi, wannan ba ƙaramin tarko ba ne, don wata uku kan cika mutum yana kwance. Wasu hukumomin ma sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su ƙara. Alƙawarin "ana duba takardarku" ba ya tsayar da wa'adi. In ka ga lambar gwamnati a jikin motar, ɗan uwanka ya ga lauya a makon farko.

Marar hali ya je Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, hedikwatarta na nan Abuja. Dokarta ta 2011 ta haɗa da ƙararrakin diyyar haɗari, kuma an yi ta ne don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma naira 70,000 a 2024. Akwai kuma lauyoyin da ke yarda a biya su kaso daga abin da aka samu. Ƙa'idar aikinsu ta yarda da haka, amma a rubuta kaso nawa ne, wa zai biya kuɗin shigar da ƙara, da asusun da diyyar za ta faɗa. Ka je ofishinsa da ƙafarka ko ka tura wanda ka yarda da shi. Ka guji 'yan kamashon da ke yawo a harabar asibiti da caji ofis. Ainihin takardunka su zauna a hannunka, kwafi za ka bayar, sai ranar da kotu ta buƙace su.

Mataki na tara: wasiƙa, sasanci, kotu

Lauya zai fara da wasiƙar neman biya zuwa ga direba, mai mota da kamfanin inshora, da kwafin rahoton 'yan sanda, na likita, rasit da hotuna. Tayin farko na kamfani kan yi ƙasa, kuma ba dole ne ka karɓa ba. In suna jan ƙafa ba dalili, NAICOM na da sashen karɓar koke. Babbar Kotun Abuja kuma tana da zauren sasanci tun 2003, inda mai shiga tsakani ke zaunar da ɓangarori. In an daidaita, ana iya kai yarjejeniyar gaban alƙali ta zama hukunci, yadda in mai mota ya saɓa za a iya kama dukiyarsa. Wannan ya fi alƙawarin baki a gaban dattawa ƙarfi, kuma ba ya hana dattawan halarta.

In sasanci ya ƙi, sai ƙara. Girman kuɗin ne ke nuna ko ƙaramar kotu za a je ko Babbar Kotu. Ka tabbata lauya ya sanar da kamfanin inshora a rubuce kafin ya shigar, don rashin sanarwa na iya ba su ƙofar zillewa. Shari'a kan ɗauki shekaru, ana ɗagawa ana dawowa. Ka riƙa kiran shaidunka kana gaishe su, in sun canja lamba ko sun koma gida ka sani.

In a bakin aiki abin ya same ka

Mai kai saƙo a kamfani, ko ma'aikacin da ya yi haɗari a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida, yana da wata ƙofa: dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa. A nan ba sai ka nuna laifin kowa ba. Ka sanar da wurin aikinka cikin kwana 14, su kuma su kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da buƙata cikin shekara guda. Ka yi sanarwar a rubuce. Kafin ka cika fom, lauya ya duba maka, don karɓar wannan diyya na iya shafar ƙarar da za ka kai direban da ya buge ka.

In an rasa rai

Muna gaggauta jana'iza, kuma haka addini ya ce. Amma kafin a ɗauki gawa, mutum ɗaya ya tsaya ya karɓi takardar shaidar mutuwa daga likita wadda ta faɗi sanadi, a kuma tabbata 'yan sanda sun rubuta rahoto. In a kan titi ya cika, a bi ta asibiti likita ya tabbatar kafin a wuce gida, ko da za a tafi da shi Katsina ko Zamfara ne. Dokar haɗarin da ya jawo mutuwa ta ba mata, 'ya'ya da iyayen da mamacin ke ɗauke da su damar neman diyya cikin shekara uku, wata ukun nan kuma na nan in motar hukuma ce. Lauya zai buƙaci shaidar aure, takardun haihuwar yara da hujjar abin da mamacin ke samu.

A zaman makoki ne aka fi cewa "mun yafe", kuma galibi wa ko baffa ne ke faɗa, matar tana cikin takaba ba wanda ya tambaye ta. A fiƙihu diyya gado ce, ana raba ta yadda ake raba abin da mamaci ya bari. Baligi na iya yafe kasonsa, amma ba shi da ikon yafe na matar, balle na marayu ƙanana. Duk wanda ya zo neman yafiya a kwanakin nan a ce masa a bari a share makoki, magada su zauna da malami da lauya. In kuɗi ya fito, a raba a gaban alƙali ko malamin da ya san rabon gado, a rubuta kason kowane yaro da sunansa, a sa a asusun da mutum ɗaya ba zai iya cirewa shi kaɗai ba.